Godiya ga waɗanda suka lura da hannun ɗanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni da mai ɗakina muna gode wa Allah, sannan muna gode wa duk wanda ya tsaya mana a wata 10 da muka yi muna kai ɗanmu sashen koyar da ayyukan yau da kullum a asibiti. A makon jiya aka sallame shi, sai dai a riƙa kai shi dubawa lokaci-lokaci.

Godiya ta farko ta malamar ajinsa ce, wadda ta kira ni ta buɗe mini littafinsa, ta nuna mini yadda yake damƙe fensir da tafin hannu gaba ɗaya, yana dannawa har takardar ta huje, alhali idan aka tambaye shi da baki shi ne kan gaba wajen amsa. Mu ma a gida mun daɗe muna ganin alamun, ba mu dai san sunansu ba. Yana da shekara 6 amma ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa, ba ya iya dunƙula lomar tuwo sai miya ta bi masa hannu har gwiwa, yana yawan tuntuɓe a fili, kuma da zarar an tayar da injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya shige ɗaki. Ranar aski kuwa sai mutum biyu sun riƙe shi. Dangi suka ce sangarta ce, ni ma na yarda, har na sha tsawata masa a kan abin da ba shi da iko a kai, kuma wannan yana damuna har yau.

Muna godiya ga ma'aikaciyar da ta karɓe mu. Da farko na ɗauka wurin masu gashin ƙashi aka tura mu, domin hukuma ɗaya ce, wato MRTB, take yi wa masu gashin ƙashi da ma'aikatan wannan sashen rajista a Najeriya, sai ta bayyana mini cewa su a wannan sashen aikinsu shi ne koya wa mutum cin abinci, sa tufafi, rubutu da wasa ba tare da taimakon wani ba. Ta ce yawancin jarirai kafin su cika shekara guda suke fara ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, kuma daga wannan riƙon ne riƙon fensir yake tasowa. Ba ta rubuta mana ƙwaya ko ɗaya ba. Ta sa shi tsintar wake yana jefawa a kwalba, da murza yumɓu, da zura zare a maɓallai, da hawan lilo, kuma ta fara shi da fensir mai kauri.

Ga mahaifiyata, Hajiya, wadda da farko ta ce wannan ai wasan yara ne ba magani ba, amma daga baya ita ce take zama da shi kowace la'asar da faifan wake a gabansu, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maƙwabcinmu mai injin niƙa, wanda ya riƙa aiko yaro ya sanar da mu kafin ya tayar, Allah ya saka masa da alheri.

Rubutun ɗanmu har yanzu yana karkacewa, kuma bai gama shiryawa da wanzami ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce shi ya ɓalla maɓallan kaftaninsa guda uku da kansa, muka makara masallaci saboda ya hana kowa taɓa masa wuyan riga.