Bin hanyar iska a injin SLK 230 Kompressor

Motar 'yar Kwatano ce, Mercedes-Benz SLK 230 Kompressor ƙirar 1999, mai kujeru biyu da rufin ƙarfe da ke naɗewa ya shige but. Sai da ta bi hannu biyu kafin ta iso gare ni a nan Kano. Wanda ya sayar mini bai ɓoye mini komai ba. Ya ce cikin gari lafiya lau take tafiya, amma da ka hau babban titi ka danna totur don wuce tirela, sai ta noƙe kamar an riƙe ta ta baya. Ya gaji da zaryar gareji. Ni kuwa tun ina sakandare nake son taɓa inji, ga rumfa a tsakar gida, ga Asabar da Lahadi. Na ce zan gwada da hannuna.

Injin nata ba babba ba ne, silinda huɗu, lita 2.3, wanda ake kira M111. Abin da ke kai shi ƙarfin doki 193 shi ne kalmar nan da aka liƙa a gefen motar, Kompressor. Ba kwamfuresar esi ake nufi ba. Famfon iska ne da ake ce wa sufacaja, ƙirar kamfanin Eaton, samfurin M62. A cikinsa akwai dogayen ƙarafa biyu masu murɗaɗɗun haƙora da ke juyawa dab da juna ba tare da sun gogu ba, kowane zagaye su tura iska kimanin lita ɗaya. Turbo, ɗaya nau'in famfon iskar, sai ya jira hayaƙin salansa ya yi ƙarfi kafin ya tashi. Wannan kuwa bel ne ke jansa daga jikin injin, shi ya sa kana takawa yana amsawa. A motocin da aka ƙera kafin 2000 akwai kulocin maganaɗisu a bakinsa, kwamfutar motar ce ke kama shi ko ta sake shi.

Tun ban kwance noti ko ɗaya ba na yanke hukunci cewa sufacajar ce ta mutu, har na fara cigiyar wata a Ƙofar Ruwa. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya tsufa a kanikancin manyan motoci, shi ya taka mini birki. Ya leƙo ya same ni na buɗe bonet, ya ce, "Ɗana, ka ji tana wani kuka ne?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To me za ka cire ta ka yi? Abincinta iska ne. Bi iskar nan tun daga inda take shiga har inda take ƙonewa, za ka ga inda take ɓacewa."

Haka na yi, kuma a kan wannan maganar duk aikin ya tsayu. Iskar tana fara ratsa filta, ta shiga sufacaja, ta gangara cikin wani ƙaramin lagireto da ke bayan bambar gaba wanda ke sanyaya ta, ta hauro ta wuce na'urar da ke auna yawanta, sannan ta faɗa injin. Filtar ta toshe da ƙurar hunturu, kilif ɗaya na murfinta ma ya karye, ƙura na bi ta gefe. Na sauya duka. Da na kwance tiyon ƙasa, sai baƙin mai ya zubo mini a hannu daga cikin lagireton iskar. Tururin mai ne da injin ke fitarwa ya daɗe yana taruwa a wurin. Na wanke shi, na bar shi kwana biyu ya bushe sarai. Sannan na toshe bakin bututun, na hura iska a hankali da famfon keke, ina shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa. Kumfa ta tashi a ƙarƙashin wani tiyo, tsaga ce da ido ba ya gani sai an matsa. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota irin wannan, don Allah kada ya dogara da jak kaɗai, ya sa mata ƙafafun ƙarfe. Motar gajeriya ce ƙwarai, idan ta sauko babu wurin tsira.

Bayan na sa sabon tiyo da sabuwar na'urar auna iska, motar ta farfaɗo. Mako biyu ina murna, sai ciwon ya dawo, har da jijjiga in tana tsaye. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Na zare soket ɗin na'urar don in ga ko bai zauna daidai ba, sai na tarar da baƙin mai a cikinsa. Ba a cikin bututu ba, a cikin soket ɗin wuta. Na goge, bayan kwana uku ya sake tsattsafowa. Na bi wayar da yatsa, ina warware tef kaɗan-kaɗan, har ta kai ni goshin injin, wurin wani maganaɗisu mai kamar faifai da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Robar da ke cikinsa ta tsufa, mota ce da ta haura shekara 20, mai yana yoyo ta bakin soket. Wayar mota siraran zaruruwan tagulla ne aka murɗe cikin roba, don haka man yana bin tsakaninsu kamar yadda lagwani ke shan kananzir, yana tafiya a ɓoye har inda wayar ta ƙare. Da na cire kan batir na buɗe soket ɗin kwamfutar motar, shi ma ya fara damshi. Da na ƙara wata biyu ban lura ba, da asarar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Na sauya maganaɗisun, na wanke kowane soket da maganin wanke kayan lantarki, na maimaita sau da yawa cikin wata guda, domin man da ya riga ya shige waya ba ya fita rana ɗaya. Kusa da maganaɗisun na yanke wayoyin biyu na sake haɗa su da dalma, saboda dalmar tana cike tsakanin zaruruwan ta datse wa mai hanya. Ita kuwa sufacajar da na so in jefar, lafiyarta ƙalau. Man da ke cikin giyarta kawai na zuƙe da sirinji na zuba sabo. Nata man daban ne, ba baƙin man inji ba, kuma warinsa sai da ya kwana uku a hannuna. Haƙoran cikin ban wanke su da fetur ba, akwai wani shafi a jikinsu da ke rage tazarar da ke tsakaninsu, in ya ɓare iska za ta riƙa komawa baya.

Da mota ta miƙe, sai kwaɗayin ƙari ya taso. Masu irin wannan mota a Jamus da Amurka sukan sa babban fuli, wato faifan da ke jan bel, a ƙasan injin don sufacajar ta ƙara saurin juyawa. Na yi oda, na ɗaura a watan Disamba. Da asuba a hanyar Zariya, cikin sanyin hunturu, ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na lokacin ba. Afrilu na kamawa labari ya sauya. Iska in aka matse ta zafi take yi, irin wannan famfon kuma yana ƙara gudu yana ƙara dafa ta. Ga rana ta haura digiri 40, ga kwalta na turiri a daidai bakin lagireton iskar. An ƙera injin ne don fetur mai lambar inganci 95, wanda ba kasafai muke samunsa a gidajen manmu ba. Zafi da raunin fetur in sun haɗu, man yakan fashe a silinda kafin lokacinsa. Injin yana da na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasar, tana ji kwamfuta za ta jinkirta wutar fulogi don kare fistin. Sai ya zama da tsakar rana motar ta fi rauni a kan yadda take kafin in taɓa ta, ga shan mai. Wata rana ina hawa gada na ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na faɗa wa Baba, ya ce, "Wannan kukan fistin ne, ɗana. Kada ka bari ya maimaita."

A wannan Asabar ɗin na mayar da fulin asali. Kuɗin da na tanada don sauya salansa na karkatar da su ga sabon bel da abin ɗaure shi, fulogi irin wanda littafin motar ya ambata, da ruwan lagireto na gaske maimakon ruwan famfo da na tarar a ciki. Duk wata nakan wanke fuskar lagireton iskar, filta kuma ina duba ta kowane mako biyu in hunturu ya shigo. Babban fulin yana nan na naɗe shi a tsumma a kan kanta. Yanzu rufin ne ya fara tsayawa a rabin hanya, kuma na ga ɗigon mai a saman gilashin gaba, daidai inda makullin rufin yake. Sil ɗin da na yi oda, wato robobin da ke tare yoyon mai, sun iso shekaranjiya.