Abin da allon haruffa bai nuna ba a gwajin lafiyata na direba

Na daɗe ina jan tirela tsakanin Kano da Legas ta hanyar Tegina da Mokwa da Jebba, kuma duk wanda yake wannan sana'a ya san ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, cewa mai neman lasisin tuƙin haya sai ya kai shekara 26, sannan ya kawo shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Haka kuma kowa a tasha ya san yadda ake samun wannan takarda. Akwai masu karɓar hotonka da kuɗinka da safe, su dawo maka da ita da yamma ɗauke da hatimi da sa hannu, alhali babu likitan da ya ɗora ido a kanka. Irin wannan takarda ce a aljihun yawancinmu, har da ni, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna abin da ta jawo mini.

Gwaji na gaskiya ya same ni ne lokacin da na nemi aikin jan tankar mai a wani kamfani da ya ce sai likitan da ya zaɓa ya duba mutum. Awon jini da na suga da na ji duk sun tafi lafiya. Allon haruffan nan da ake tsayar da mutum nisan mita 6 daga gare shi na karanta shi har layin ƙasa, na kuma bambance launuka ba tare da tangarɗa ba. Ina shirin tashi ne ma'aikaciyar ta ce saura awon matsin ido, wato auna ƙarfin da ruwan cikin ido yake matsa shi. Ta auna na dama, ta sake aunawa, sannan ta tafi ta kira likita.

Likitan ya bayyana mini cewa matsin ido mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21, nawa na dama kuwa ya zarce haka nesa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai yanzu na karanta allon nan kaf." Ya amsa da cewa, "Malam, allon tsakiyar ganinka kawai yake aunawa, ita kuwa wannan cuta daga gefe take fara ci." Ita ce glakoma, wadda ake kira hawan jinin ido. Tana lalata jijiyar gani a hankali, galibi ba ciwo ba ƙaiƙayi, kuma abin da ta riga ta cinye ba ya dawowa ko da magani ko da tiyata. Aka tura ni Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka zaunar da ni gaban wata na'ura mai ƙyafta ƙananan fitilu, ana so in danna maɓalli duk lokacin da na ga haske. Takardar da ta fito ta nuna cewa wani yanki na gefen idona na dama ya riga ya tafi.

Wanda bai taɓa hawa kan babbar mota ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba a hagu yake zaune, saboda haka ɓangaren damar tirela dama can shi ne mafi wuyar gani, kuma ta nan ɗan acaɓa da mai a-daidaita-sahu suke kutsowa. Sau da yawa a cikin Ilori ko a kasuwar Mokwa yaron motata yakan daka mini tsawa cewa ga mutum a gefe, ni kuma in ga kamar daga ƙasa ya tsiro, in yi ta faɗa a kan gangancin masu babura. Ashe wani kaso na abin a idona yake. Allah ne kawai ya tsare ban taka kowa ba.

Aikin tankar ya wuce ni, domin kamfanin ba zai jira ba, likita kuma ya ƙi sa hannu sai matsin ya sauka. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Takaicina yana kan waɗancan takardu da suka yi ta shaida cewa lafiyata ƙalau, domin da an auna matsin idona tun a sabunta lasisi na baya, da ɗigon maganin da nake sawa yanzu safe da dare ya tsare mini abin da na rasa. Bayan matsin ya daidaita, kuma an tabbatar idon hagu lafiya yake, an ba ni shaida bisa sharaɗin komawa asibiti a kai a kai, na kuma daina tafiyar dare.

Ga 'yan'uwana direbobi, musamman wanda ya haura shekara 40 ko yake da mai wannan cuta a danginsu, kada ku yarda a sallame ku da karanta allo kaɗai; ku buɗe baki ku nemi a auna matsin ido a kuma duba jijiyar. Ku tafi da wanda zai mayar da ku gida, saboda maganin da ake ɗigawa don buɗe ƙwayar ido yana dusashe gani na wasu awanni. Ku kuma guji sayen maganin jan ido a kemis lokacin ƙurar hunturu ba da takardar likita ba, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid wanda yake ɗaga matsin ido idan aka daɗe ana amfani da shi. Na kai wa shugabannin ƙungiyarmu koke cewa duk lokacin da za a kawo gwajin lafiya kyauta a tasha, a tabbatar an zo da na'urar awon matsin ido tare da ta awon jini, kuma zan ci gaba da tayar da maganar a kowane taro har sai an kawo ta.