Kamashon da na kusa rasawa saboda sa hannu a takarda ɗaya

Shekara uku na yi ina sayar wa manoman shinkafa injinan ban ruwa a Argungu, Jega da Suru a madadin wani kamfani da ke Birnin Kebbi, bisa alkawarin baki cewa bayan ɗan albashina zan riƙa samun kashi biyar cikin ɗari na duk injin da ya fita ta hannuna. Ranar da aka sallame ni, ina bin su kamashon noman rani guda cur.

A ranar ce na yi kuskuren da ya fi cutar da ni. Akawu ya miƙo mini takarda da biro, ya ce, "Malam, sa hannu nan a ba ka albashin wata." Na sa ban karanta ba, na kuma miƙa wayar kamfani da littafin da nake rubuta ciniki a ciki. Sai daga baya lauya ya nuna mini cewa takardar tana cewa na karɓi dukkan haƙƙoƙina, wayar kuwa a cikinta saƙonnin WhatsApp suke, waɗanda manaja ya amsa yawan bashin da kansa. Ƙannena, ku riƙa ajiye kwafin rasit da hoton saƙonni a wayarku tun kuna bakin aiki, kuma kada ku sa hannu a komai ranar sallama sai kun tafi da shi gida an karanta muku a natse.

Ku nemi a rubuta kashin kamashonku da lokacin biyansa tun ranar farko. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma dokar ta cire wakilan tallace-tallace da ke aiki a wajen harabar kamfani daga ma'anar ma'aikaci, don haka irinmu yarjejeniyarmu ce kawai makaminmu.

Na kuma ɓata wata huɗu ina jin nauyin maigida, sannan na tafi ofishin 'yan sanda, inda aka shaida mini cewa karɓo bashi ba aikinsu ba ne, kuma gaskiya suka faɗa, domin dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Abin da ya kamata in fara da shi shi ne wasiƙar neman biya mai ɗauke da adadin kuɗi da wa'adi, in ba a amsa ba sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar don sasanci. Idan hakan ya ci tura, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin rikicin albashi da haƙƙoƙin aiki a ƙarƙashin sashe na 254C na kundin tsarin mulki, tana kuma zama a Sakkwato. Shigar da ƙara yana da wa'adi, jinkiri na iya kashe haƙƙi ko da gaskiya tana wajenka.

Abin da ya cece ni manoma ne. Su goma sha ɗaya suka zaƙulo rasit ɗinsu masu ɗauke da sunana, wani ma daga cikin ledar da yake ajiye katin zaɓensa ya ciro nasa. Da lauya ya haɗa su da wasiƙarsa, kamfanin ya nemi a zauna, aka biya ni kuɗin waɗannan injina goma sha ɗaya. Sauran, waɗanda masu su suka yar da rasit, har yau ban ga ko sisinsu ba.