Na Yi Cinikin Biri a Sama

Ƙannena masu sha'awar rubutun soyayya, da wuya mako ya wuce ɗayarku ba ta turo mini saƙo ba, tambayar kuma kusan iri ɗaya ce: "Anti, yaya zan tallata littafina ya shiga?" Idan na ce a turo littafin in gani, sai a turo shafi biyar ko bakwai, a ce sauran yana nan tafe. Nan take gabana yake faɗuwa, domin na bi wannan hanyar, na kuma san inda ta kai ni.

Na tashi a gidan da ake karɓo littafi haya a ɓoye shi ƙarƙashin katifa. Yayata ce ke kawo su, masu siririn bango, na ɗaya da na biyu da na uku, daga hannun 'yan kasuwar Kano. Su ma na wancan zamanin ba duka suka tsira ba, akwai littattafan da muka jira kashi na uku har muka yi aure bai fito ba. Amma waɗanda ake ambaton sunansu har yau, irin su Hajiya Hafsat Abdulwaheed da aka buga littafinta tun 1980, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da aka fassara nata zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, idan kin karanta aikinsu za ki ji marubuciyar ta san ƙarshen labarin tun tana farkonsa.

Littafina na farko haka na yi shi, ba don na san wata dabara ba, sai don ba wanda yake jirana. Da biro na rubuta shi a littattafan rubutu na 'yan makaranta guda shida, bayan sallar isha, na shafe kusan shekara biyu. Da na gama na yi taifin a waya na sake shi kyauta. Ya karɓu fiye da zatona. Yabon nan ne ya ruɗe ni.

Na biyun, shafi goma sha ɗaya kawai na rubuta na yi sanarwa. Na sa aka yi mini hoton bango mai kyau, na baza shi a Facebook da WhatsApp, na ce littafin kuɗi ne, naira 500, masu son a riƙa turo musu sau biyu a rana su biya 1,000. Shaidar biya ta yi ta shigowa. A lokacin mutum 256 kawai zauren WhatsApp yake ɗauka, na cika ɗaya na buɗe na biyu. Cikin mako uku kuɗin sun tafi, wasu a kuɗin makarantar yara, wasu a bikin ƙanwar maigidan. Ranar da na duba asusun na ga babu komai, ranar na gane abin da na yi: na ci bashin mutane ɗaruruwa, abin da zan biya su da shi kuma babu shi a ko'ina, ko a cikin kaina bai gama haɗuwa ba.

Ki saurari yadda ranar mai bashin labari take. Ƙarfe ɗaya na dare ina zaune a kan tabarma a kicin, domin nan ne soket ɗin da ke aiki idan an kawo wuta. Waya a jone tana zafi, babban yatsana ya kumbura har ba na iya lanƙwasa shi sosai. Ina rubuta jimla saƙo yana faɗowa ta sama: "Anti shiru?" "Mu fa kuɗinmu muka biya." Ba na karanta abin da na rubuta, ina kai adadin da zai yi kama da shafi sai in tura in kwanta. Da asuba in tashi da ciwon kai, da fargabar na yamma.

Wanda ya fi cutuwa shi ne labarin. Jarumina malamin firamare ne, mai keke ɗaya da riguna uku, yana son yarinyar da iyayenta ke ganin ya yi mata kaɗan. Abin da na so in nuna shi ne yadda mutunci ke riƙe soyayya a gidan da babu kuɗi. Masu sharhi suka ce ba su yarda ba, wahala ta yi wa yarinyar yawa, a ba ta mai kuɗi. Da yake kullum sai na faranta musu kafin in samu barci, a shafi na talatin da wani abu na mayar da malamin nan ɗan wani attajiri da aka sace tun yana jariri. Suka yi ta murna. Daga ranar ban ƙara sanin mutumin da nake rubutawa ba. Duk ranar da ba ni da abin faɗa sai in cika shafi da lissafin kujerun falo, da leshin da amarya ta saka, da kalolin abincin da aka jera. Labarin da ya kamata ya tsaya a shafi arba'in ya kai casa'in da bakwai.

Akwai kuma abin da na fi jin kunyarsa, zan faɗa don kada ki faɗa ciki. Wasu sun yi ta matsa mini in "ƙara gishiri" a daren amarci, har suka ce littafin wance ya fi nawa armashi saboda haka. Na biye musu a shafi biyu. Bayan kwanaki 'yar yayata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta ce mini, "Anti, ƙawayena suna karanta littafinki." Ta faɗa ne da alfahari, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Wannan sana'a tamu dama da zargi ta girma. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da hujjar suna ɓata tarbiyyar 'yan mata, marubutan kirki da yawa suka sha kuɗin goro. Duk wadda ta yi sakaci da alƙalaminta, sanda ta miƙa a doki sauran. Ma'aunina yanzu shi ne: shafin da ba zan iya karanta wa Hajiyarmu da murya ba, ba zai fita daga hannuna ba. Kuma na gano kallo ɗaya a soro, ko kwanon abincin da aka aiko ba a ce komai ba, sun fi tsuma mai karatu idan an iya rubuta su.

Maganar fitar da littafi kuwa, kowace shafi na tura, kafin awa guda ta zagaya wasu zaurukan kyauta. Wani ya ɗauka yana karantawa a YouTube yana samun kuɗinsa, ko sallama bai yi mini ba. Na ɓata safiyoyi da yawa ina faɗa, ina rubuta Allah ya isa mai tsawo a saman kowane shafi, bai hana komai ba, sai dai ya ɓata wa masu gaskiyar da suka biya rai. Abin da ke da amfani kaɗan ne, kuma ba shi da hayaniya. Ki tura wa kanki cikakken littafin ta imel kafin kowa ya gani, kwanan wata zai zauna shaida, idan waya ta faɗa ruwa ko aka sace ma ba ki yi asara ba. Ki sani a dokar Najeriya haƙƙin mallaka naki ne tun daga lokacin da kika rubuta, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana yin rajistar ayyuka. Duk mai son karanta littafinki a rediyo ko a intanet, ku yi yarjejeniya a rubuce, da shaidu, ko da ɗan'uwanki ne.

Yanzu bari in zo kan gida, domin a nan na yi kuskuren da ban taɓa jin an gargaɗi kowa a kansa ba.

Ina da abin da nake hutawa da shi tun kafin rubutu, wato haɗa turaren wuta. Wata maƙwabciyarmu 'yar Maiduguri ce ta koya mini muna amare. A samu itacen sandal ko hawi a daddatsa, a narka sukari, a juya itacen a ciki a kan wuta marar ƙarfi, kada ya ƙone, a sauke ya sha iska, sannan a bi shi da turarukan ruwa da miski, a danna a kwalba a rufe. Sai haƙuri. Wanda aka buɗe bayan kwana uku ƙamshinsa a sama yake, hayaƙin farko ya tafi da shi. Wanda ya yi wata biyu a rufe, ko an wanke labule sai an ji shi. Ranar Asabar da hantsi nake wannan aiki, rediyo a kunne, hannuna yana juyawa, kaina yana warware kullin labari ba tare da na matsa masa ba. Mafi yawan hirarrakin da aka yaba a littafina na farko a gaban wannan kaskon suka zo mini.

Da na ga jama'a sun taru a zaurukana, sai na ce me zai hana in sayar musu da turaren ma. Na fara sa talla a saman shafi. Oda ta shigo. Asabar ɗina ta koma lissafin kwalabe, da zuwa tasha ba wa direba saƙo, da rigimar wadda nata ya fashe a hanya. Don in cika alkawari na fara sayar da wanda bai kwana bakwai a kwalba ba. Sannan masu kayan mata da masu atamfa suka fara biyana in saka nasu tallan, har ya zama mai karatu sai ta wuce talla huɗu kafin ta iske labari. Ba ina cewa sana'a laifi ba ce, mata da yawa da ita suke riƙe gidajensu, Allah ya sa albarka. Amma ni wuri ɗaya tak nake da shi da ba na bin kowa ba a bina, na ɗauke shi na kai kasuwa.

Abin da ya tsayar da ni ƙarami ne. 'Yata ta zo da yamma ta ce in saurari haddarta ta Tabaraka. Na ce karanta ina ji, idona a kan waya ina ba wata haƙuri kan jinkirin shafi. Ta kai ƙarshe na ce madalla. Washegari ta dawo daga Islamiyya idanunta jajir, malam ya mayar da ita baya, aya biyu ta tsallake a tsakiya. Ta ce, "Umma, ai na karanta miki kika ce daidai ne." Abbansu yana zaune bai ce uffan ba, shirun nasa ya fi mini faɗa ciwo. A makon na haɗa ƙarshen littafin yadda ya samu, na ba jama'a haƙuri, na rufe zaurukan. Na yi wata bakwai ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Yadda nake yi yanzu ba shi da wani sirri. Bayan asuba, kafin yara su tashi, awa ɗaya da biro da takarda, waya tana cikin durowa. Wata rana shafi biyu, wata rana rabi. Idan jarumata ma'aikaciyar jinya ce, sai na je na zauna da mai wannan aiki na ji yadda kwanan asibiti yake, ba na ƙirƙira daga ɗaki. Idan na rubuta "ƙarshe", sai in ajiye littafin wata guda ban taɓa ba. Bayan nan in ba mutum biyu: wata dattijuwa da ba ta jin nauyin ce mini nan kin yi ƙarya, mace ba ta yin haka, da wani malamin Hausa da ke bi mini ƙa'idojin rubutu, inda na haɗe abin da ake rabawa, inda na bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Kada ki raina wannan. Wadda ta rubuta "kasa" tana nufin "ƙasa" ta riga ta gaya wa mai karatu yawan kulawarta.

Sai bayan duk wannan talla ke zuwa, kuma tallan cikakken littafi ba ya wahala. Mako biyu ko uku ina sakin gajerun tsakure, sannan shafukan kyauta har inda labari ya kama mutum, sannan in faɗi farashi. Shafi ɗaya a rana, a lokaci ɗaya, daga abin da ke ajiye. Mai sharhi ta ce a canza, in ce Allah ya ba da haƙuri, an riga an gama. Ina amsa saƙonni tsakanin la'asar da magariba kawai, kuma masu karatu sun saba.

Idan hannunki bai faɗa ba tukuna, ki gwada gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ba ta karɓar abin da ya wuce kalmomi 1,500. Ko ba ki shiga ba, ki ɗaure kanki da wannan iyaka sau biyar ko shida, za ki ga yawan maganar da labari ba ya buƙata. Ki kuma nemi zaman marubuta na ido da ido, irin na ƙungiyar marubutan Najeriya, wato ANA, a jiharku, inda za ki karanta a gyara miki a gabanki. Gyaran wanda ya san aiki daban yake da "wayyo Anti ci gaba".

Turaren na koma yinsa, amma na gida da na kyauta kaɗai. Na ƙara da shuka alayyahu da zogale a buhunan siminti a bayan kicin, 'yata ce mai ban ruwa. Watanni huɗu da suka wuce na ɗauko labarin malamin firamaren nan na faro shi daga farko. Yana nan da kekensa da rigunansa uku, ba ɗan kowa ba ne sai ɗan mahaifinsa mai gyaran rediyo. Ina shafi na ashirin da shida, kuma bayan ku da na gaya wa yanzu, Abbansu kaɗai ya san ina rubuta shi.