Abin da launin tabo ya koya mini a cikin injin wanke kwanuka

Na yi shekara biyu ina aiki a kicin ɗin wani masauƙin baƙi a Abuja, kuma a cikin ayyukan da aka ɗora mini har da kula da injin wanke kwanuka, irin wanda ake sawa a gidaje, mai kwanduna biyu na waya da aka lulluɓe da roba, cikinsa kuwa na ƙarfen nan ne da ake cewa ba ya tsatsa. Lokacin da na karɓe shi, bangonsa ya yi fari fat kamar an yayyafa masa gari, bakin ƙusoshin kwandon ƙasa, wato tsinkayen wayar da ake jera faranti a tsakaninsu, sun yi ja, kwandon cokula kuma ya rine da launin miya. Ni a idona duk datti ɗaya ne, maganinsa kuma soso da ƙarfin damtse, kamar yadda muka saba da gindin tukunya a gida.

Soson waya na fara ɗauka. Na durƙusa na goge bangon har hannuna ya yi tsami, ya kuwa yi ƙyalli a ranar, amma ba a yi mako biyu ba sai ga ɗigo-ɗigon tsatsa sun fito daidai inda na fi dagewa. Mai gyaran da ke zuwa mana ne ya fahimtar da ni dalili. Wannan ƙarfe yana ɗauke da sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma shi ne ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke kare ƙarfen. Soson waya yana karce fatar, sannan ya bar ɓurɓushin baƙin ƙarfensa a cikin karcen, ɓurɓushin kuma shi ne ke tsatsa da zarar ya sha ruwa. Tun daga ranar ban ƙara kusantar cikin injin da wani abu da ya wuce tsumma da tsohon buroshin haƙori ba.

Farin ɓawon nan shi ya fi ba ni wahala, domin sai da na daɗe kafin na gane cewa daga ruwa yake zuwa. Da rijiyar burtsatse muke aiki, ruwanta kuma mai nauyi ne, wato yana ɗauke da sinadarin alli, irin wanda ke taruwa a gindin butar dafa shayi. Duk sa'ad da injin ya zafafa ruwa zuwa digiri 65 ko 70, allin sai ya rabu da ruwan ya manne a bango da ƙarfen da ke ɗumama ruwa, ya kuma toshe ƙananan ramukan hannuwan da ke juyawa suna fesa ruwa. Sabulu ba ya taɓa shi, kanwa ma da na gwada bisa shawarar wata abokiyar aiki ba ta yi komai ba, saboda ita da allin jirgi ɗaya ya kwaso su, babu tsami a cikinsu. Tsami ne kawai ke narkar da shi. Sai a zuba ruwan khal fari, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, cikin kofi, a tsayar da kofin a kwandon sama, a kunna injin babu kaya a ciki a kan wanki mafi zafi. Ko kuma, wanda na fi gamsuwa da shi, a sa cokali uku ko huɗu na garin sinadarin tsamin lemo a gurbin sabulu. Na fifita garin ne domin ba shi da wari, kuma yawan amfani da khal yana iya gajiyar da robar bakin ƙofa. Hannuwan fesa ruwan kuwa sai an cire su an jiƙa a roba, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace, a ga ɓawon yana fitowa kamar tsakuwar shinkafa.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro ya faru ne a wannan tsakani. Wata rana na jiƙa rariyar gindin injin a cikin khal, da na ga baƙin da ke jikinta bai fita ba sai na tsiyaya bilic a cikin robar ba tare da na zubar da na farkon ba. Nan take wani wari mai yanka maƙogwaro ya tashi, idona ya cika da hawaye, tari ya sarƙe ni. Babban kukunmu, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya janye ni waje ya bubbuɗe tagogi, sannan ya ce, "Ɗana, tsami da bilic ba sa haɗuwa, iskar guba suke haifarwa." Daga baya na san cewa iskar kulorin ce. Na kuma san cewa ko shi kaɗai, bilic yana cin ƙarfen cikin injin ya bar masa ƙananan ramuka, kuma idan tabon na ƙarfen da ke cikin ruwa ne, ƙara kafa shi yake yi.

Jan tabo ma kashi biyu ne, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Idan launin ya bazu ko'ina a bango kamar ruwan shayi, daga ruwa ne, kuma ana iya tabbatarwa da a tari ruwan a farin bokiti a bar shi ya kwana: idan ya wayi gari da ja-ja a gindi, akwai ƙarfe a cikinsa, tsamin lemo kuma yana wanke shi. Idan kuwa jan yana bakin ƙusoshin kwando ne, to robar da ta rufe wayar ce ta tsage, galibi saboda wuƙa ko gefen tire da ake cusawa da ƙarfi, ruwa ya sami hanya. Wannan wanki ba ya maganinsa. Sai an fitar da kwandon ya bushe sarai, a goge tsatsar da takardar yashi har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa fentin roba da aka yi domin kwandunan, a sa wa kowace ƙusa 'yar hular roba, a bar shi ya kwana ya wuni kafin a mayar. Na taɓa yin gaggawa na mayar da shi bayan 'yan sa'o'i, fentin ya saɓule a wankin farko.

Launin miya a kwandon cokula da robobin ajiye abinci shi ne wanda na daina yaƙi da shi. Jan tumatir da manja da kurkur suna bin mai su shige cikin jikin roba, zafin injin kuma yana taimaka musu. Kwaɓin bekin soda da shanyawa a rana suna rage shi sosai, amma abin da ya fi amfani shi ne a kankare miyar daga faranti kafin a jera shi.

Akwai wasu kofunan gilashi shida da suka yi hazo, waɗanda mai masauƙin ta dage sai na dawo musu da haskensu. Na tsoma su cikin khal na minti biyar. Huɗu suka fito tas, alamar alli ne kawai ya rufe su. Biyun da suka rage ba su canza ba, domin zafi da yawan sabulu sun riga sun ci fuskar gilashin kansa, sai muka mayar da su na shan ruwan ma'aikata.