Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Ɗan Baƙi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Ɗan Baƙi, tsohon karen da ya haura shekara 12 yana gadin gonarmu da awakinmu a wajen Giwa, ya miƙe har ya koma cin abinci. Ciwon hantar bai rabu da shi ba, irin wannan sai dai lallaɓawa, amma abin da muka fi tsoro ya wuce.

Godiyata ta farko ga likitocin asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mun kai shi idanunsa da dasashinsa sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura da ruwa, jiki kuwa duk ya rame. Suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton ciki, sannan likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda yake jingina kai da bango, yana zagaye wuri ɗaya, a kira shi bai gane mai kiran ba. Wasu har sun ce haukan kare ne, a kashe shi. Ita ce ta duba ta ce mana idan hanta ta gaza tace jini, gubar amoniya kan taru ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ta rubuta laktulos, wanda ke fitar da gubar ta bayan gida, da maganin rage ruwan ciki. Ta ja mana kunne sosai kan farasitamol, domin yana ƙara lalata hantar kare, haka nan masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna. Allah ya saka miki da alheri, likita.

Sai uwargida. Ita ta ɗauki wahalar abincinsa: shinkafa da dafaffen ƙwai, wani lokaci awarar da ba a soya ba, babu gishiri, babu albasa, babu kayan ciki, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Ranar da ya ƙi ci, haka za ta tsuguna tana lallashinsa har ya lasa. Ƙanena kuma shi ke tashi cikin dare ya canza masa buhun kwanciya ya cika masa kwanon ruwa, don ciwon na sa ƙishirwa.

Ban manta da maƙwabcinmu da ya ba da motarsa ba tare da ƙyamar abin da za a ɗauka a ciki ba.

Malam limaminmu ma ya share mini hawaye. Da surutu ya yi yawa cewa muna ɓarnar kuɗi a kan kare, shi ya tuna wa jama'a cewa shari'a ta halatta karen gona da na kiwo da na farauta, ya kawo hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A ganina, dabbar da ta kwana a waje cikin hunturu da damina tana tsare mana dukiya ta cancanci a yi jinyarta ranar da ƙarfinta ya ƙare.

Wata mai zuwa za mu mayar da shi a sake gwada jini. Masu kira suna tambayar jikinsa, na gode, Allah ya bar zumunci.