Kafin ka taɓa kod ɗin manhajar kwamfuta

Duk wanda zai shiga aikin manhajar da mutane da yawa ke haɗawa tare, don Allah ya fara karanta README, wato fayil ɗin bayanin aikin, tukuna. A nan ake faɗa maka wane bugun Qt (kayan haɗa manhaja) ko Python (yaren rubuta kod) za ka sauke da yadda abin zai tashi a kwamfutarka. Sai ka jawo kod ɗin da Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ka buɗe reshenka daban, wato kwafin da za ka yi naka gyaran a kai.

Inda aka fi shan wahala shi ne tsakanin Windows da Linux. Windows na rufe layi da alamomi biyu, CR da LF, Linux kuwa LF kaɗai, to in ba a saita .gitattributes (fayil ɗin da ke faɗa wa Git yadda zai bi da ƙarshen layi) ba sai ka gyara layi ɗaya tal amma Git ya nuna wai ka canza fayil ɗin gaba ɗaya, mai duba aikin ya rasa ina gyaran yake. Haka sunan fayil, Main.cpp da main.cpp duk ɗaya ne a wurin Windows, a Linux kuwa biyu ne, sai aiki ya tashi lafiya a wurinka ya ƙi a wurin wani.

Tsarin rubutu kam ni ban ga abin musu ba. Python na da ƙa'idar rubutu mai suna PEP 8 tun 2001, sifes huɗu in za a tura layi ciki, layi kar ya wuce haruffa 79. Masu yaren C++ su bar wa manhajar clang-format ta gyara tsarin da kanta. Saƙon komit kuma, wato bayanin da kake rubutawa in za ka ajiye gyara a Git, a faɗi me aka canza da dalili, "gyara" kawai ba bayani ba ne.